Sojojin da suka baro ƙwaya a Biyetnam

A watan Mayun 1971 wasu 'yan majalisar Amurka biyu, Robert Steele da Morgan Murphy, suka fitar da rahoto mai tayar da hankali bayan sun dawo daga Biyetnam. A ƙiyasinsu, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na sojojin ƙasarsu da ke can sun kamu da shan hirowin, 'yar gidan su kodin, sai dai ta fi kodin ƙarfi nesa ba kusa ba. A can araha take, kuma tsantsarta ake samu, samari 'yan shekara ashirin na barbaɗa ta a sigari suna zuƙa. Gwamnatin Shugaba Nixon ta hango dubban mashaya da suka ƙware a harbi suna cika titunan Amurka, sai ta ce babu sojan da zai hau jirgin gida sai an gwada fitsarinsa. Wanda aka samu da ƙwaya a jiki, a tsare shi har ta fita.

Aka ɗora wa Lee Robins, masaniyar halayyar jama'a a jami'ar Washington da ke St. Louis, aikin bin sawun waɗanda suka koma gida a watan Satumba. Ita da ma'aikatanta suka zanta da kusan mutum 900, kuma binciken ya nuna cewa ɗaya cikin biyar na sojojin da suka dawo ƙwayar ta kama shi a fagen fama.

Likitoci sun riga sun yanke musu hukunci, don a asibitin mashaya na Lexington kusan tara cikin goma na waɗanda aka sallama komawa ruwa suke yi. Amma a shekarar farko kusan kashi 5 kaɗai na sojojin da suka kamu ne suka sake kamuwa, cikin shekara uku kuwa kashi 12. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne kusan rabinsu sun sake ɗanɗana ta a gida, ta kuma kasa riƙe yawancinsu. Da yawa suka ce Robins ta yi kuskure a lissafi. Ba ta yi ba.

Wani ɓangare na amsar daga ɗakunan bincike ya fito. A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder suka gano cewa ƙwaƙwalwa na da wasu 'yan kwaɗuna da irin waɗannan ƙwayoyi ke buɗewa. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz suka samo mabuɗan asali a Aberdeen, a cikin ƙwaƙwalen aladu da ake kwasowa daga mayanka. Ashe jiki na haɗa maganin raɗaɗinsa da kansa.

Dofamin, sinadarin da ke ce wa mutum "ƙara yi", kamar doki yake a hannun mai riƙe da linzami. Hirowin na sa mai linzamin gyangyaɗi, dokin ya zabura. A 1979 Avram Goldstein ya gano wani daga cikin mabuɗan nan na jiki, dainofin, wanda aikinsa ja wa dokin linzami ne. Firgici na ɗan lokaci kan zaburar da dofamin, amma idan tsoro da ƙunci suka daɗe, dainofin ya yawaita, dofamin ya ja baya, rayuwa ta koma lami kamar miya ba gishiri. Mai irin wannan hali ba daɗi yake nema ba, sauƙi yake nema. Saurayin da ke kwana bai san ko zai wayi gari ba, ga ƙwaya a bakin sansani, me ake jira?

Ba zan ce tsoro kaɗai aka baro a Biyetnam ba. A gida ƙwayar ta yi tsada, an gauraye ta, abokan sha sun watse, ga iyali da aiki. Sai dai a 1995, a Montreal, Yavin Shaham da Jane Stewart suka gwada rabon tashin hankali shi kaɗai. Sun koya wa ɓeraye danna wani ƙarfe don samun hirowin, sannan suka yanke ƙwayar har ɓerayen suka haƙura da dannawa. Rannan aka ɗan ja musu wutar lantarki a tafin ƙafa na 'yan mintuna. Ko ɗigon ƙwaya ba a ba su ba, amma suka koma kan ƙarfen suna ta danna shi.