Hoton gwiwa: abin da likita yake dubawa

Cikin karkara, dattawa da yawa suna kukan ciwon gwiwa. Durƙuso wurin salla ya zama wahala, tashi daga tabarma sai da sanda, duƙawa a gona kuma ya gagara. Mutane suna cewa sanyin ƙashi ne. Sau da yawa, guringuntsin gaɓa ne ya cinye.

Mine ne guringuntsi?

Duk wanda ya taɓa duba ƙashin ƙafar rago wurin mahauci ya ga wani abu fari mai santsi a kan ƙashin. Shi ne guringuntsi. Mutum ma yana da shi cikin gwiwa da ƙugu da yatsu. A gwiwa kaurinsa bai fi milimita 2 zuwa 4 ba. Aikinsa hana ƙashi gogar ƙashi. Shekaru, da ɗaukar kaya masu nauyi, da ƙiba, da tsohon rauni, suna sa ya lalace. Babu jijiyar jini cikinsa, shi ya sa in ya cinye ba ya komawa yadda yake.

Hoton radiyo

A gidan likita, hoton da aka fi yi shi ne wanda ake kira radiyo. Ba radiyon sauraro ba ne. Wani haske ne da ido ba ya gani, mai ratsa nama. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano shi a shekarar 1895.

Radiyo yana nuna ƙashi, amma ba ya nuna guringuntsi. To, ƙaƙa likita yake ganewa? Yana duba tazarar da ke tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Wannan tazarar ita ce mazaunin guringuntsi. In tana da faɗi, guringuntsi yana nan. In ta matse, ya ragu. In ƙasusuwa sun haɗe, ya ƙare a wurin. Likita yana kuma duba ƴan tsiro da ke fitowa a bakin ƙashi.

Don haka ne ake cewa maras lafiya ya tsaya tsaye lokacin ɗaukar hoton. In yana kwance, nauyin jiki ba ya danne gwiwa, sai tazarar ta fito da faɗi, alhali cuta tana nan.

Radiyo ba ya da zafi, kuma minti kaɗan ne. Amma mace mai ciki ta faɗa wa ma'aikaci tun ba a fara ba.

Sauran na'urori

Akwai ekografi, irin wadda ake duba mata masu ciki da ita. Tana nuna ruwan da ya taru cikin gwiwa mai kumburi.

Akwai kuma IRM. Ita da babban maganaɗisu take aiki, kuma tana nuna guringuntsi kansa, tun radiyo bai ga komi ba. Ana kwanciya ciki kamar minti 20 zuwa 30 ba motsi. Duk mai ƙarfe a jiki ya faɗa. Tana da tsada, kuma sai a manyan asibitoci ake samunta.

Abin da ya kamata a riƙe

Ba kowane mai ciwon gwiwa ne yake buƙatar hoto ba. Sau da yawa tambaya da taɓa gwiwa sun ishi likita. Wani hotonsa ya nuna lalacewa sosai, amma yana zuwa gona. Wani kuma hoto da sauƙi, ciwo da yawa. Hoto ba magani ba ne. Kada magidanci ya saida bisashensa don neman babbar na'ura, in ba likita ya tura shi ba.

Mai ciwon gwiwa ya fara zuwa gidan likita mafi kusa. Kada a yi wa gwiwa tsaga ko ƙona ta. A rage kaya masu nauyi, amma kada a bar tafiya, don zama wuri guda yana ƙara sandarar da gaɓa. In gwiwa ta kumbura farat ɗaya, da zafi da masassara, a tafi ran nan. Wanda aka yi wa hoto ya adana shi, ya riƙa zuwa da shi, don likita ya gwada da sabo.