Iskar Girki Daga Kashin Shanu: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Ƙofar Marke a birnin Sakkwato tana ɗauke da sunan itacen da masu girki suka fi so, gama marke yana da ƙarfin wuta da kyan gawayi. Amma itace yana ta yin nisa da gari, kuɗinsa na hauhawa, ƙasar da aka sare kuwa iska tana kwashe ta. Saboda haka ya kamata Hakimai su san wani makamashi da ke kwance a turken kowane mai shanu.

Yadda iskar ke samuwa

Idan aka dama ɗanyen kashin shanu da ruwa daidai wa daida, aka zuba a rufaffen rami na siminti inda iska ba ta shiga, waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai su ruɓar da shi. Daga ruɓar nan ake samun iska mai cin wuta, wadda ake kira bayogas. Fiye da rabinta mitan ce, watau ainihin abin da ke kamawa. Saura yawanci iskar kabon ce, wadda ba ta ci. Bututu ke kai ta murhu, ta ba da wuta shuɗiya marar hayaƙi.

Kashi kilo 25 yakan ba da abin da zai riƙe murhu guda wajen sa'a biyu. Kwaɓin yakan yi kamar kwana 30 zuwa 40 a ramin, sa'an nan ya fito ta ɗaya gefen. Abin da ya fito taki ne mai kyau, ƙarfinsa bai ragu ba. Ashe manomi bai yi hasarar takinsa ba, riba biyu ya ci.

Wannan ba sabon abu ba ne. Gidaje miliyoyi a Indiya da Sin suna girki da ita. A nan gida kuma, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun shekarun 1980, ta daɗe tana gwada irin waɗannan ramuka. Zafin ƙasarmu taimako ne, domin halittun nan sun fi aiki a ɗumi. Sai dai iskar takan ragu da hunturu.

Iskar da aka tace

In aka cire iskar kabon, da tururi, da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda ke cin ƙarfe, abin da ya rage shi ne bayomitan. Ba ta da bambanci da gas ɗin da ake haƙowa, har ana ɗura ta a mota. A ƙasar Denmak, fiye da kashi ɗaya cikin uku na gas ɗin bututunsu irinta ce a 2023. Tacewa tana bukatar injuna masu tsada, don haka aikin manyan wurare ne, kamar mayanka da kasuwar Kara, inda kashi ke taruwa kullum.

A 2021 Nijeriya ta yi alkawari a gaban duniya cewa kafin 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take iya shafewa ba. Hasken rana yana ba da lantarki, amma tukunyar tuwo wuta take bukata dare da rana. Nan ne gurbin wannan iska.

Abin da ake bukata ga Hakimai

1. Malamai su rubuta gidajen da ke da shanu uku ko huɗu masu kwana a turke. Shanun da ke yawon kiwo ba su tara kashi wuri guda.
2. A duba ruwa tukuna. Inda rijiya ke ƙafewa da rani, rami ba zai yi aiki ba.
3. Kada kowa ya gina sai da gwanin aikin, gama ramin da ke yoyo kuɗi ne aka binne.
4. A gargaɗi jama'a kada su zuba sabulu ko maganin ƙwari a ciki, kada su kusanta wuta da bakin ramin, kada kuma mutum ya shiga ciki, domin iskar tana kisa.

Lalle ramin yana bukatar ciyarwa kowace safiya kamar dabba. Hakimin da ya sa ido a kan wannan, ya tsare wa talakawansa itatuwansu da gonakinsu, da lafiyar matan da ke wuni cikin hayaƙi.