Waƙa mai murya huɗu

A Filinge da ƙauyukan Kurfai, in ƴan mata suna gaɗa, ɗaya ce ke bayarwa, sauran su amsa. Dukan masu amshi murya guda suke bi. A ƙasar Jamus akwai wata irin waƙa wadda aka gina dabam. Sunanta koral.

Koral waƙar addinin Kirista ce. A da, da harshen Latin ake waƙa a majami'a, talakawa kuwa ba su jin shi. Sai wani malami, Martin Luther, ya ce a yi waƙa da Jamusanci, harshen gida. A shekarar 1524 aka buga littattafan farko na waɗannan waƙoƙi.

Daga 1600 zuwa 1750, zamanin da Turawa ke kira Barok, koral ta bunƙasa. Gwaninta shi ne Johann Sebastian Bach. An haife shi a 1685, ya zama maraya tun yana yaro. Daga 1723 har ya rasu a 1750 yana koya wa yara waƙa a makarantar Toma ta birnin Laifzik. Bayan rasuwarsa aka tara koral 371 da ya tsara, aka buga su.

Yaya koral take?

Da farko, mawaƙa suna rabuwa kashi huɗu. Yara masu siririyar murya ke riƙe da karin waƙar da kowa ya sani. Manya masu babbar murya suna can ƙasa, kamar tushen gini. Kashi biyu suna cika tsakiya.

Na biyu, kowane kashi da nasa kari, amma tare suke faɗin kalmomi. Babu mai bayarwa, babu mai amshi.

Na uku, koral ba ta gaggawa. Tana tafiya daki-daki, yawanci kowace gaɓa da sautinta. A ƙarshen kowane layi ana dakatawa, a sha iska, a ci gaba.

Na huɗu, kiɗa yana bin ma'ana. In kalma ta baƙin ciki ce, Bach yakan sa muryoyi su ɗan yi karo kafin su daidaita. Wani babban abin kiɗa mai bututu da yawa, org, yana raka mawaƙa.

Koral tana son kunne. In yaro ɗaya ya ɗaga murya don a ji shi, ko ya riga sauran, waƙa ta ɓaci. Dole kowa ya riƙe nasa, yana sauraren na kusa da shi.

Tambayoyi
1. Don mi Luther ya so a yi waƙa da harshen gida?
2. Kashi nawa mawaƙan koral ke rabuwa?
3. Mene ne bambancin koral da gaɗa?

Aiki
Ku rabu biyu. Ku rera wata waƙa da kuka sani, wasu sama, wasu ƙasa. Ku fara tare, ku tsaya tare.