3.4 Ma'anar Kalmar "Ƙwarai" da Yadda Ake Amfani da Ita

Daga cikin ire-iren bayanau akwai wanda aikinsa shi ne ƙarfafa ma'anar abin da aka faɗa, kamar ƙwarai da sosai da matuƙa da ainun. Sau da yawa ɗalibai sukan ɗauka cewa ƙwarai daidai take da kalmar "very" ta Ingilishi, kuma ita da sosai duk abu guda ne. A wannan sashe za a nuna cewa ba haka abin yake ba, ta hanyar amfani da misalai irin na maganar manoman Watari da ke Ƙaramar Hukumar Bagwai, inda ake noman rani da ruwan dam.

Da farko akwai batun gurbi. Kalmar Ingilishin takan zo ne kafin abin da take ƙarfafawa, kuma ba ta ƙarfafa aikatau kai tsaye. Ita kuwa ƙwarai bayan aikatau take zuwa. Misali:

(1) Shinkafar bana ta nuna ƙwarai.
(2) Dam ya cika ƙwarai.

Idan aka dawo da ita farkon jimla, sai aikinta ya sauya. Manomin da aka tambaya ko dam ya cika, ya ce, "Ƙwarai, ya cika," ba cikar yake ƙarfafawa ba, amsa tambaya yake yi, wato "i" ke nan mai nauyi.

A duk waɗannan wurare ana iya sa sosai a madadinta ba tare da ma'ana ta lalace ba, wannan ne ma ya jawo ruɗanin. Bambancin yana fitowa ne idan mahaɗi ya shigo:

(3) Ya shuka iri na ƙwarai.
(4) Maƙwabcin gonarsa mutumin ƙwarai ne.
(5) *Maƙwabcin gonarsa mutumin sosai ne.

Idan aka dubi (3) da (4) za a ga cewa babu maganar yawa ko tsanani a cikinsu. Nagarta ake nufi: iri mai kyau, mutum mai kirki da amana. A nan ƙwarai ta bar gurbin bayanau ta shiga gurbin suna, tun da ta biyo bayan mahaɗi kamar yadda "kirki" ke yi a "mutumin kirki". Jimla ta (5) kuwa kunnen Bahaushe ba ya karɓar ta.