Motar tsere: tsohuwa za a saya ko sabuwa?

Duk wanda ya yi wayo a cikin shekarun 1980 zai tuna da tseren motoci na Paris-Dakar, wanda yakan ratsa ƙasarmu a watan Janairu, lokacin sanyi da hazo. A shekara ta 1984, motar da ta zo ta ɗaya wata ƴar ƙarama ce ƙirar Jamus, mai suna Porsche 911, wadda wani Bafaranshe, René Metge, ya tuƙa. An ƙara mata tsayi, an sa ƙafafunta huɗu duka suna ja, ta keta Sahara, ta ratsa Nijar, ta bar manyan motocin daji a baya.

Bayan shekara 38, wato a 2022, kamfanin ya fito da wata sabuwar 911 wadda ya raɗa wa suna Dakar, don tunawa da waccan nasara. Guda 2,500 kawai aka ƙera, kuma kuɗin kowace ɗaya a Jamus ya haura Yuro dubu 220, kimanin miliyan 145 ke nan na sefa. In an jera ta da ta 1984, daga nesa sai a ce uwa ce da ɗiyarta. Amma in an buɗe ciki, kusan babu abin da ya haɗa su sai suna da siffa.

Wannan shi ne abin da ke raba kan masu sha'awar irin wannan mota a Turai da Amurka. Mutum ya tara kuɗinsa shekara da shekaru, ga tsohuwa ga sabuwa, kuma sau da yawa farashinsu bai yi nisa da juna ba. To, wace zai ɗauka?

Asalin motar

An fara nuna wa jama'a ita a baje kolin motoci na birnin Frankfurt a 1963. Da farko 901 aka sa mata, sai kamfanin Peugeot na Faransa ya ce shi ke da ikon sunayen mota masu lamba uku da sifiri a tsakiya, irin su 403 da 404. Saboda haka aka mai da ita 911, aka fara sayar da ita a 1964. Injinta mai silinda shida yana can baya, bayan ƙafafun baya, kuma iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Ba ta da lagireto, sai wata babbar fanka da ke hura wa injin iska. Ƙarfinta na doki 130 ne, nauyinta kilo 1,080, iyakar gudunta kilomita 210 a awa.

Haka aka ci gaba da ƙera ta, ana ta yi mata gyare-gyare, har zuwa 1998, shekarar da aka ƙera ta ƙarshe mai sanyin iska. Dokokin Turai game da hayaƙi da ƙara sun yi tsanani, ga kuma neman ƙarin ƙarfi, dole kamfanin ya koma ga inji mai ruwa. A nan ne masu sha'awa suka ja layi: abin da ke gabanin wannan canji shi ne tsohuwa, abin da ya biyo baya sabuwa. Wadda aka fitar a 2019 tana da ƙarfin doki 385, nauyinta ya wuce kilo 1,500, tana kuma kaiwa kilomita 293 a awa. A 2017 aka cika mota miliyan ɗaya da ƙerawa.

Abin da ke jan mutane ga tsohuwa

Masu son tsohuwa sukan ce da tsohuwar zuma ake magani. Hujjarsu ta farko ita ce tuƙi. Kafin ƙirar 1989, sitiyarin 911 ba shi da wani taimako daga inji, ƙarfin hannun direba ne kawai. Kuloci da giya da birki duk suna son ƙwarewa. Direba yana jin hanya a tafin hannunsa, yana jin numfashin injin a bayan kunnensa, ko da kuwa gudun kilomita 80 yake yi. Sabuwar kuwa, sai an kai gudun da doka ta hana kafin a ji ta motsa jikinta.

Hujja ta biyu ita ce gyara. Injin wancan zamani abu ne da bakanike mai haƙuri zai kwance da sifana, ya gane ciwonsa da ido da kunne. Mai motar ma, in yana da littafinta da ɗan wuri, zai iya yin ƙananan ayyuka da kansa.

Ta uku ita ce daraja. Sabuwar mota ta yau da kullum, daga ranar da ta bar kanti kuɗinta ke raguwa. Tsohuwar kuwa an daina ƙera ta, ba a ƙara ko ɗaya. A cikin shekarun 2010 farashin masu sanyin iska ya tashi ƙwarai. Akwai wata mai suna Carrera RS ta 1973, wadda guda 1,580 kawai aka yi, an sha sayar da mai kyau ɗaya a kan kuɗin da zai sayi sababbi uku ko huɗu. Hukuma ma tana girmama su: a Jamus, motar da ta cika shekara 30 kuma tana nan yadda aka ƙera ta, ana ba ta lamba mai harafin H, wadda ke ba ta izinin shiga unguwannin da aka hana wa motoci masu hayaƙi.

Inda gizo ke saƙa

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Babban abokin gaban tsohuwar mota shi ne tsatsa. Sai daga ƙirar 1976 ne kamfanin ya fara lulluɓe dukan jikin motar da sinadarin da ke hana tsatsa. Waɗanda suka riga wannan, sau da yawa fenti yana ƙyalli a sama, ƙarfe kuwa ya ruɓe a ƙasa, kuma gyaran jiki yakan fi gyaran inji cin kuɗi.

Injin ma yana da nasa hali. Tun da ba ruwa, baƙin mai ne ke ɗauke wani kaso na zafin, shi ya sa yawancinsu ke shan fiye da lita goma. Ɗigon mai a ƙarƙashinta abu ne da masu ita suka saba gani. A yawancinsu, ana daidaita bawul da hannu lokaci-lokaci. A cunkoson gari da rana tsaka zafin injin yana hawa, na'urar sanyaya ciki kuma ba ta da ƙarfin kirki.

Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne rai. Da yake injin yana baya, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar yana kan ƙafafun baya. In direba ya shiga kwana da gudu, ya tsorata, ya ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya, bayan motar yakan juyo ya riga gaba. Na kafin ƙirar 1989 ba su da jakar iskar da ke tare mutum in an yi karo, kuma birkin da ba ya kafewa sai a ƙirar 1989 ya shigo. Sabuwar tana da kwamfuta da ke lura da kowace ƙafa, ta taka birkin wadda ta dace tun direba bai san ya yi kuskure ba. Wannan ba ado ba ne, shi ke raba wanda ya koma gida da wanda aka kai asibiti.

Sabuwar ma ba ta rasa nata

Sabuwar tana tashi da safe ba gardama, tana da garanti, ana iya zuwa aiki da ita kullum, a yi doguwar tafiya ba gajiya. Sai dai in ta yi ciwo, sifana ba ta isa ba. Dole a kai ta inda ke da kwamfutar da ke karanta ta, da ma'aikacin da aka horar a kanta. Tana son fetur mai tsabta ƙwarai, tayoyinta masu faɗi kuma suna da tsada, ba sa daɗewa.

Akwai kuma na tsakiya, wato na farko-farkon masu ruwa, daga 1998 zuwa wajen 2005. Su ne suka fi araha a kasuwa, amma an san wasunsu da lalacewar wani boris a cikin inji, wanda in ya fashe yakan kashe injin gaba ɗaya. Masu hankali sukan canza shi tun kafin ya nuna alama. Araha dai ba ta ado.

Tambayoyi uku kafin a biya

Ashe ke nan ba a cewa wannan ta fi waccan sai an san mai saye. Tambaya ta farko: me za a yi da motar? In ita kaɗai ce a gida, kullum tana kan hanya, sabuwa ta fi. In ta ranar hutu ce, kuma akwai rumfar da za a adana ta, tsohuwa za ta faranta rai.

Ta biyu: wa zai gyara ta, kuma ina kayan gyaran suke? Motar da gwaninta ke nisan kilomita dubu, rabin shekara a kan duwatsu za ta yi.

Ta uku: bayan an biya, me ya rage a aljihu? Wanda ya zuba dukan abin da ya mallaka a kan tsohuwar mota, bai bar na gyara ba, ya sayi baƙin ciki da kuɗinsa. Kada a saya sai wani gwani wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya ɗaga ta, ya duba ƙarƙashinta, ya auna ƙarfin kowace silinda, an kuma ga takardun gyaran da aka yi mata tun farko.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da motar miliyoyi? Gaskiya ne, kaɗan ne daga cikinmu za su taɓa riƙe sitiyarinta. Amma ma'aikacin da ke shawara tsakanin tsohuwar motar da kowane garaji ya san cikinta, da wata mai kwamfuta da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, waɗannan tambayoyi uku su ne a gabansa. Ya amsa su tun kuɗin suna hannunsa. Allah ya kiyaye hanya.