Madugun Masu Ziyarar Iona

A yammacin Sikotland akwai wani ɗan tsibiri mai suna Iona, tsawonsa wajen kilomita 5 ne, mazaunansa ba su kai 200 ba. A shekarar 563 wani malamin Kirista, Columba, ya tsallako daga Ayaland da almajirai 12 ya kafa gidan ibada a wurin, daga nan addinin ya bazu cikin duwatsun ƙasar. Har yau Kiristoci na haɗa ayari su nufi tsibirin a ƙafa, wasu kwana biyar, wasu mako biyu ko fiye. Hanyar da ta haɗa shi da garin St Andrews a gabas ta kai kusan kilomita 320. Kowane ayari kuwa yana da mutum guda da nauyin kowa ke wuyansa. Wanda ya san labarin fataken Gwanja ba zai rasa gane shi ba, madugu ne, sai dai shi taswira da kamfas yake riƙewa.

Mafi yawan aikinsa a kan tebur yake ƙarewa, watanni kafin kowa ya ɗaura takalmi. Yakan shimfiɗa taswirar hukumar Ordnance Survey, mai nuna kowane rafi da shinge da tudu, ya yanka tafiyar zango-zango. Masu hawan dutse na ƙasar suna da lissafin da William Naismith ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawa na mita 600. Zangon kilomita 18 mai hawan mita 600 zai ci wajen awa huɗu da rabi ke nan. Amma wannan lissafin ƙaƙƙarfan mutum ne da ke tafe shi kaɗai. Ayarin ziyara akwai dattijuwa mai ciwon gwiwa, akwai wanda bai taɓa goya jaka yini guda ba, ga tsayawar addu'a, ga cin abinci. Ƙwararren madugu da mafi rauni a ayarin yake auna zango, ya rubuta awa bakwai, ya kuma nemo inda mota za ta iya ɗaukar wanda ƙafarsa ta gaza.

Bayan dutse sai ruwa. Mai zuwa Iona galibi yakan bi ta garin Oban, ya shiga jirgin kamfanin CalMac zuwa Craignure a tsibirin Mull, tafiyar da ba ta cika awa ba. Daga nan sai ya keta Mull, fiye da kilomita 50, zuwa Fionnphort, inda ƙaramin jirgi ke fito cikin minti 10. Jirgi ba ya jiran kowa, kuma idan iska ta taso sai a soke tashinsa. Shi ya sa madugu ke fara tsara tafiya daga ƙarshe, ya kafa lokacin jirgi tukuna, sannan ya jero kwanakin baya, ya bar kwana guda na ko-ta-kwana. Idan ayarin zai leƙa tsohon gidan ibadar tsibirin Oronsay, wanda ake takawa a ƙafa daga Colonsay lokacin da teku ya janye, to jadawalin cikowar teku ne zai faɗi ranar zuwa da sa'ar dawowa.

Zaɓen wata ma ilimi ne. A Yuni rana takan yi sama da awa 17 kafin ta faɗi, a Disamba kuwa da ƙyar take kai bakwai. Sai dai tsakiyar zafin shekara lokacin ƙyashi ne, wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ke tasowa dubu-dubu da safe da yamma idan iska ta kwanta, har sai mutum ya rufe fuska da raga. Cikin ciyawa akwai kaska mai ɗauke da cutar Lyme. Afrilu da Mayu tumaki ke haihuwa, da kaka kuma masu filaye ke harbin barewa. Dokar shekarar 2003 ta bai wa kowa damar ratsa mafi yawan filayen Sikotland muddin bai yi ɓarna ba, amma madugun kirki yakan buga wa mai fili waya kafin ya shigo masa da mutum 20.

Masauki ne ke sa shi furfura. Ƙauyukan Mull ƙanana ne, gadajen baƙi kaɗan ne, kanti yakan yi nisa. Akwai bukkokin dutse da ake bari a buɗe kyauta a daji, amma ƙa'idarsu ba ta yarda babban ayari ya mamaye su ba. Don haka sai ya roƙi zauren coci ko na ƙauye a shimfiɗa a ƙasa, ya shirya motar da za ta yi gaba da kaya da tukwane, ya san wanda ba ya cin nama da wanda ke shan maganin suga.

Ranar tafiya shi ne farkon tashi. Ya duba hasashen yanayi, ya ƙirga kawuna, ya sa mataimakinsa a ƙarshen layi don kada a bar kowa a baya. Da yamma sai ka gan shi durƙushe gaban wani bawan Allah, ya tuɓe masa safa, yana duba diddige. Inda fata ta fara ja sai ya manna filasta tun bororo bai fito ba, domin ɗan bororon yau shi ne ɗingishin jibi. Babbar jarrabawarsa kuwa ita ce ranar da hazo ya rufe dutse, mutane suka nace sai an hau tunda ibada suka zo yi, shi kuma ya ce a bi ta kwari. Masu ceto a duwatsun ƙasar 'yan sa-kai ne, barin aikinsu suke yi su fito idan an kira 999.

Ba a shiga sana'ar da ka. Mai neman takardar shaidar jagorancin dutse a Birtaniya sai ya yi cikakkun yini 20 a duwatsu kafin a karɓe shi horon kwana shida, ya cika 40 kafin jarrabawar kwana biyar, ga takardar taimakon gaggawa. Wasu madugai kamfanonin yawon buɗe ido ke biyansu, wasu kuwa don Allah suke yi wa cocinsu.

Ladan ziyara mai ziyara ke nema, shi madugu abin da ke gabansa shi ne kada tunanin jirgi da abinci da makwanci ya raba mutanensa da ibadarsu. Idan ya fita da mutum 20, ya sauke 20 lafiya a gaɓar Iona, to ya iya sana'arsa.