Saye ko haya: labarin cinikin Affinity da fargabar masu zane

A ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2024, wani kamfani na ƙasar Ostiraliya mai suna Canva ya ba da sanarwar cewa ya saye kamfanin Serif na birnin Notingam, a ƙasar Ingila, tare da ma'aikatansa su wajen 90 da kayan aikin da yake ƙerawa, waɗanda aka sani da sunan Affinity. Jaridu sun ƙiyasta kuɗin cinikin a kan wajen dalar Amurka miliyan 380. Irin wannan ciniki tsakanin kamfanoni ba baƙon abu ba ne, galibi ma ba ya wuce shafin tattalin arziki na jarida. Amma a wannan karo, tun kafin rana ta faɗi hankalin masu zane da masu ɗab'i ya tashi a ƙasashe da dama, kuma tambaya guda suke yi: kayan aikin nan da muka saba saye mu mallaka, ko za a koma ba mu hayarsu?

Domin mai karatu ya gane dalilin wannan tashin hankali, ya kamata mu fara bayyana irin kayan da ake magana a kansu. Takardar gayyatar biki, da allon talla na bakin hanya, da bangon littafin makaranta, da shafin jarida, duka a zamanin yau a cikin kwamfuta ake tsara su kafin a kai su maɗaba'a. Kwamfuta kuwa ba ta yin wannan aiki sai an zuba mata abin da ake kira manhaja, watau wani tsari na umarni da masana suka rubuta domin ta iya gyaran hoto ko zane ko jera rubutu a shafi. Matsayin manhaja wajen mai zane kamar matsayin keken ɗinki ne wajen tela. Da ita yake neman abincin iyalinsa, kuma yakan ɗauki shekaru kafin hannunsa ya faɗa da ita.

Yadda haya ta maye gurbin saye

Shekara da shekaru, kamfanin Adobe na jihar Kalifoniya a Amurka shi ne sarkin wannan kasuwa. Shi ne mai Photoshop ta gyaran hoto, da Illustrator ta zane, da InDesign ta tsara littattafai da jaridu. A da, mutum yakan biya kuɗi sau ɗaya, kuɗi masu yawa dai, ya karɓi manhajarsa a cikin kwali, ya yi ta aiki da ita har iyakar ran kwamfutarsa. In sabon samfuri ya fito, ya ga dama ya saya, ya ga dama ya ci gaba da tsohonsa.

A watan Mayu na shekarar 2013 Adobe ya sanar da cewa ya daina fitar da sababbin samfura na sayarwa. Daga nan gaba sai dai biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, kamar yadda ake biyan kuɗin ruwa da lantarki. Mutane dubbai suka sa hannu a takardar koke, kamfanin bai janye ba. A shekarar 2024, wanda yake son dukan manhajojin Adobe a Amurka yana biyan kusan dala 60 kowane wata (dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta tamma biyar ba). In aka lissafa, dala 720 ke nan a shekara, dala 3,600 a shekara biyar, kuma bayan shekara biyar ɗin mutum bai mallaki komai ba. Ranar da ya kasa biya, ranar kayan aikin za su rufe.

Gaskiya ne tsarin haya yana da nasa amfani, bai kamata a ɓoye shi ba. Matashin da ba ya da jarin sayen manhaja mai tsada yana iya farawa da kuɗin wata guda, kuma gyare-gyare suna zuwa masa a kai a kai. Kamfani shi ma yana samun kuɗin shiga tabbatattu da zai biya ma'aikatansa. Sai dai abubuwan da suka faru a shekarun baya sun nuna wa jama'a ɗaya fuskar al'amarin. A watan Oktoba na 2019, sabili da takunkumin da gwamnatin Amurka ta sa wa ƙasar Benezuwela, Adobe ya gaya wa masu hulɗa da shi a can cewa zai rufe asusunsu gaba ɗaya. Daga baya ya samu izinin ci gaba da yi musu hidima, amma masu sana'a a ko'ina sun ga yadda rikicin gwamnatoci biyu zai iya tsayar da aikin wanda bai ci nanin ba. A ƙarshen shekarar 2022 kuma, bayan an canja sharuɗɗa tsakanin Adobe da kamfanin Pantone mai tsara sunayen launuka na ɗab'i, wasu masu zane suka buɗe tsofaffin ayyukansu suka tarar launukan sun koma baƙi ƙirin, sai in sun yarda su biya ƙarin wajen dala 15 a wata. Aikin da mutum ya yi da hannunsa, ya adana a cikin kwamfutarsa, shi ne aka ce ya biya kafin ya sake ganin launinsa. A watan Yuni na 2024 gwamnatin Amurka da kanta ta kai Adobe kotu, tana zarginsa da ɓoye wa mutane tarar da ake cin wanda ya fasa haya kafin shekara ta cika, tarar da ke kai rabin kuɗin watannin da suka rage.

A cikin wannan hali ne Affinity ta yi suna. Kamfanin Serif tsoho ne, tun 1987 aka kafa shi, amma sai a 2014 ya fitar da Affinity Designer ta zane, a 2015 Affinity Photo ta gyaran hoto, a 2019 kuma Affinity Publisher ta tsara shafuka. Ba a ce sun fi na Adobe a kowane fanni ba. Abin da ya ja mutane gare su shi ne ka'ida guda da kamfanin ya riƙe, yake kuma shelanta ta a cikin tallarsa: ka biya sau ɗaya, kayan sun zama naka. Dukan manhajojin uku, samfuri na biyu da ya fito a watan Nuwamba na 2022, kuɗinsu a wancan lokaci wajen dala 165 ne, watau ƙasa da hayar Adobe ta wata uku. Lokacin da aka yi cinikin, an ce masu amfani da su sun wuce miliyan 3. Da yawa daga cikinsu gudun haya ne ya kawo su, wasu ma sun yi watanni suna koyon sabon hannu domin su rabu da biyan wata-wata.

To, ga shi wanda ya saye gidan da suka fake shi ma da haya yake rayuwa. Canva, wanda Melanie Perkins da Cliff Obrecht da Cameron Adams suka buɗe a birnin Sidni a shekarar 2013, yana ba kowa damar yin zane mai sauƙi ta intanet kyauta, sa'an nan wanda yake son ƙarin kaya ya biya kuɗin wata. A lokacin cinikin mutane fiye da miliyan 170 ne ke amfani da shi kowane wata, yawancinsu ba ƙwararru ba ne: malamai, ƴan kasuwa, ma'aikatan ofis. Ƙwararrun ne ya rasa, su kuwa ya je nema wajen Affinity, domin ya yi gogayya da Adobe a filin da Adobe ya fi ƙarfi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Masu Affinity ba su jira an ce musu komai ba suka fara lissafin ranar da za a rufe musu ƙofa.

Alkawura huɗu

Hayaniyar ta yi yawa har kamfanonin biyu ba su bari an daɗe ba suka fito da takarda mai alkawura huɗu. Na farko, kuma shi ne wanda kowa ya zuba wa ido, za a ci gaba da sayar da lasisi na dindindin a farashi mai sauƙi, in ma an kawo tsarin haya wata rana, zai zama zaɓi ne kawai kusa da na saye. Sauran ukun su ne ƙara zuba jari domin inganta manhajojin, da ba makarantu da ƙungiyoyin agaji su kyauta, da sauraron shawarar masu amfani da su. Shugaban Serif, Ashley Hewson, ya tsaya a kan muƙaminsa tare da ma'aikatansa.

Wasu sun kwantar da hankali, wasu ba su kwantar ba. Masu shakka sun samu abin nuni a watan Satumba na wannan shekara ta 2024, sa'ad da Canva ya ƙara kuɗin hayar da ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata ke biya. A Amurka, wasu da ke biyan dala 120 a shekara domin mutum biyar aka ce musu kuɗin zai koma dala 500. Hujjar kamfanin ita ce sababbin kayan ƙirƙirarriyar basira da ya ƙara, watau dabarar nan da ke sa kwamfuta ta zana hoto ko ta rubuta magana da kanta in an umarce ta. Da ƙorafi ya yi yawa, Canva ya janye ƙarin ga tsofaffin abokan hulɗarsa. Wannan ƙari bai shafi Affinity ba, amma ya nuna yadda sabon mai gida yake sa farashi.

Abin da ya faru a 2025

A farkon watan Oktoba na 2025 aka wayi gari an daina sayar da Affinity, ba tare da wani cikakken bayani ba, sai dai aka ce a saurari sanarwa a ƙarshen wata. Makonni huɗu aka yi ana zullumi. A ranar 30 ga watan sanarwar ta fito, ta kuma zo da abin da mutane kaɗan suka yi tsammani: an haɗa manhajojin uku sun zama guda, sunanta Affinity kawai, kuma kyauta ce ga kowa, ba saye ba haya. Kamfanin ya ce cikin kwana huɗu mutum fiye da miliyan ɗaya suka yi rajista.

Ga ɗalibi, ko ƙaramar maɗaba'a, ko ma'aikatar da kasafinta bai kai ga biyan haya da kuɗin waje ba, wannan babban sauƙi ne, kuma duk wanda ya musa haka bai yi adalci ba. Kayan aikin ƙwararru, waɗanda jiya sai mai katin banki ke iya saye, yau sun zo hannun duk mai kwamfuta. Abin da aka ji tsoro tun farko, watau a ce wa mutane ku biya kowane wata ko a rufe, bai faru ba.

Amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, don haka yana da kyau a duba sharuɗɗan. Kafin mutum ya yi aiki da sabuwar manhajar, dole ya buɗe asusu wajen Canva, ya ba da adireshinsa na intanet. Kayan ƙirƙirarriyar basira da ke cikinta kuwa a kulle suke, ba sa buɗewa sai ga wanda ke biyan hayar Canva. Nan ne kamfanin yake sa ran mayar da kuɗinsa: a shigo da jama'a kyauta, daga cikinsu wasu su koma masu biya, ofisoshin da ƙwararrun ke aiki a ciki kuma su ɗauki haya domin dukan ma'aikatansu. Wannan ba laifi ba ne, kasuwanci ne, kuma Canva bai ɓoye shi ba. Ya ma ce ba ya amfani da ayyukan da mutane ke yi a cikin Affinity wajen horar da ƙirƙirarriyar basirarsa.

Sauran magana ita ce alkawarin nan na farko. An ce za a ci gaba da sayar da lasisi na dindindin, yanzu kuwa babu shi a kasuwa. Kamfanin yana ganin ya yi fiye da abin da ya ɗauka, tun da kyauta ta fi araha arha. A ganinmu abin bai kai nan sauƙi ba. Wanda ya biya kuɗi ya karɓi lasisi yana riƙe da hujja a hannunsa, ko kamfani ya canja ra'ayi kayansa suna nan. Wanda aka ba kyauta ta hanyar asusu yana aiki ne a bisa yardar mai asusun, kuma sharuɗɗan da aka rubuta yau mai su yana iya sake rubuta su. Ba mu ce Canva zai yi haka ba, ya ma yi ta nanata cewa kyautar ta har abada ce. Muna cewa ne mabuɗin ya bar aljihun mai sana'a ya koma aljihun kamfani, kuma wannan mabuɗi shi ne ainihin abin da mutane suka je saye wajen Serif tun 2014, ba arha kaɗai ba.

Ma'aikatan da ke da alhakin zaɓa wa ofisoshi da makarantu kayan aiki su lura da cewa akwai wata hanya ta uku, wadda ba ta hannun kamfani guda. Manhajoji irin su GIMP ta gyaran hoto, da Inkscape ta zane, da Scribus ta tsara shafuka, masana ne na ƙasashe dabam-dabam ke haɗuwa suna rubuta su, kowa yana da izinin ɗauka da rabawa da gyarawa, ba a neman asusu. Ba su kai waɗancan laushin hannu ba a wasu ayyuka, shi ya sa manyan gidajen ɗab'i ba su cika dogara da su ba.

Waɗanda suka sayi samfuri na biyu na Affinity kafin Oktoba na 2025 suna nan da kayansu, an kuma tabbatar musu za su ci gaba da aiki, sai dai ba za a ƙara yi musu gyara ko ƙari ba. Sabuwar manhajar tana buɗe tsofaffin ayyukansu ba tare da wahala ba. Amma aikin da aka adana da sabuwar, tsohuwar ba ta iya buɗe shi, sabili da haka mai zanen da abokan aikinsa suka koma sabuwa, shi ma sai ya buɗe asusu kafin ya karɓi aikin da suka aiko masa.